Rakiyar da Ban Yi Maka Ba

Fagge, Kano.

Zuwa ga ɗana Mustafa, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da suka sauke ka. Allah ya tsare ka a garin da ni ban taɓa kwana a cikinsa ba, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya raba ka da sharrin hanya da kaɗaicin baƙunta. Abokina Alhaji Rasaki ya zo har gida ya shaida min cewa yayarsa ta bugo waya shagonsa daga Ilori, ta ce ka sauka lafiya, sun ba ka ɗaki, kuma ka je kwalejin ka karɓi aikinka na horar da 'yan ƙwallon kwando. Alhamdu lillahi. Ka gaishe min da ita, ka ce ina godiya ƙwarai.

Ba labarin gari zan ba ka ba, Fagge tana nan yadda ka bar ta. Na fara rubuta maka har sau biyu ina yagewa, domin in na karanta sai in ga tsarin atisaye na rubuta, ba wasiƙa ba. Ka san tun da na koma makaranta da furfurata na koyi tsoron rubuta abin da ban tabbatar ba. Saboda haka abin da zan faɗa a nan, yadda ya faru zan faɗe shi. Inda na manta kuma zan ce na manta.

Ranar Talatar da za ka tafi, bayan an idar da azahar, ka fito da jakarka a hannu da ragar ƙwallaye a kafaɗa. Ni na riga na sa takalmi. Ka dubi ƙafata ka ce, "Koci, ba sai ka wahalar da kanka ba, acaɓa zan hau zuwa tasha." Maimakon in ce a'a, sai na ji bakina yana cewa, "To, ka riƙa sa su gudu kafin su taɓa ƙwallo." Ka ce, "To, Koci." Ka hau, kuka sha kwana. Iyakar bankwanar da muka yi ke nan, ni da ɗan da na haifa.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina tsoron ka tafi ke nan, in ma ka dawo ka dawo kamar tsohon ɗan wasa da ya zo gaida wanda ya horar da shi, ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya tashi. Ina kuma tsoron yanzu da aka rataya maka usur a wuya, ka yi wa 'ya'yan mutane irin horon da ka gani a wurina, tunda ba ka ga wani iri ba. Akwai wani iri, Abba. Ni na gan shi da idona, kuma a hannuna ya tsaya.

Lokacin da nake kwalejin horon malamai, 'yan shekaru kafin sojoji su miƙa wa farar hula mulki karo na farko, Malam Sule ne yake horar da mu. Ka san hotonsa da ke ɗakina, shi ne gajeren nan da ke tsugune a gaba riƙe da ƙwallo. Filin kwalejinmu ba shi da siminti, don haka a Sabon Gari muke atisaye, a filin nan dai da ka girma a cikinsa. Sai dai a lokacin allunan na katako ne, kuma ƙarfen kwandon gabas ya ɗan karkace, sai wanda ya saba ne yake iya jefawa a cikinsa. Yawancinmu 'yan jeka-ka-dawo ne, daga Fagge da Sabon Gari da Gwagwarwa.

Malam Sule yana da wata al'ada. Duk ranar da aka tashi, atisaye ne ko wasa, sai ya ɗauko kekensa, ba zai hau ba, ya turo shi ya tsaya kusa da wanda ya fi kowa ɓata wasa a ranar, ya ce, "Zo mu je in taka maka." A ƙasa zai kai shi har ƙofar gida, ko da gidan ba a kan hanyarsa yake ba. Muna ce wa abin rakiya, kuma a wurinmu abin tsokana ne. Ana cikin wasa in wani ya jefa ƙwallo ta tsallake allo, sai ka ji daga benci, "Malam, a ƙara wa keke iska, yau tafiyar Gwagwarwa ce!" Rasaki ya fi kowa shan rakiya a shekararmu ta farko, har muka ce Malam ya kusa iya Yarabanci saboda tsayuwa a ƙofar gidansu. Shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya ce, "Ku yi ta dariya, ni dai kullum ina shan rake kyauta. Kai Dogo, tsawonka ya taɓa saya maka rake?"

Ni ne Dogon. Ina da tsawo, ina da hannu, yara suna bin bayana in na fito daga fili, don haka rakiya a wurina abin kunya ce. Sau ɗaya aka taɓa yi min ita. Mun yi wasa da wata kwaleji da ta zo daga Zariya, na yi ta zubar da ƙwallo kamar wanda aka shafa wa mai a hannu. Da aka tashi sai na ji ƙarar sarƙar keken a bayana. Benci ya ɗauki shewa. Muka bi ta gefen kasuwa, muka ratsa mahaɗar Bata cikin cunkoson masu kaya, ya tsaya ya saya mana rake. Bai ce uffan a kan wasa ba. Labarin tattabarunsa ya yi ta ba ni, wai wata fara ta gudu ta tare a gidan maƙwabcinsa, maƙwabcin kuma ya rantse tasa ce. Da muka hau Titin Ibrahim Taiwo na kasa daurewa, na ce, "Malam, ka faɗa min laifina mana in huta."

Ya ce, "Kai ba ka san shi ba?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To me zan ƙara maka? Sha rakenka."

Ka riƙe wannan, Abba. Yaron da ya ɓata wasa ya riga ka sanin ya ɓata. Gyara yana nan, gobe a fili, in jiki ya huce, kuma ka yi shi sosai ba tare da sassauci ba. Amma a ranar, abin da yake bukata shi ne kada ya koma gida shi kaɗai da abin a ƙirjinsa.

Da muka iso ƙofar gidan nan, a lokacin kakanka yana da rai, Malam Sule ya jingine keken ya ce, "Bukar, tun yaushe gwiwar nan ta hagu take damunka?" A fili na iya ɓoyewa, domin gudu da tsalle suna rufe ɗingishi. Doguwar tafiya a hankali ba ta rufewa. A ranar na gane ashe rakiyar ba lallashi kaɗai ba ce, a nan yake ganin abin da fili yake ɓoye masa: wanda yake ɗingishi, da wanda bai ci komai ba tun safe, da wanda in an doshi gidansu yake rage tafiya. Ya ce in ajiye ƙwallo har sai ya ce in dawo. Na ce to.

Ban ajiye ba. Wata ƙungiya ta 'yan kasuwa a Sabon Gari tana da wasa ranar Lahadi, suka aiko a kira ni, suka ce jama'a ni take son gani. Na je ba tare da Malam ya sani ba. Na tashi sama in kwashe ƙwallo daga allo, da na sauko na ji ƙas a cikin gwiwa, ban sake tashi da ƙafata ba sai da aka ɗauke ni. Daga mai ɗori zuwa asibiti, daga asibiti zuwa mai ɗori, har jarrabawar ƙarshe ta wuce ina kwance. Da na warke aka ce in dawo in maimaita shekara, na ce ni ba zan zauna aji ɗaya da yaran da suke ɗaukar min jaka ba. Haka na bar kwaleji babu takarda, babu gwiwa.

Don haka in ɗan wasa ya ce maka, "Lafiya lau, Koci," kada ka tsaya a bakinsa, ka dubi ƙafarsa in ya juya baya. Mafi ƙwarewar cikinsu shi ya fi iya ɓoyewa, domin shi ne yake ganin ba za a iya ba sai da shi. Kuma duk wanda ka ga yana neman barin aji saboda ƙwallo, ka zaunar da shi a benci har ya koma. Zai ji haushinka. Ka bar shi ya ji.

Malam Sule ne ya ɗauko ni daga zaman zaure, ya ce in zo in riƙa riƙe masa usur. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma garinsu, aka bar min ƙungiyar kwalejin da ta yaran unguwa, a matsayin ma'aikacin wucin gadi tunda ba ni da takarda. A lokacin sojoji sun sake dawowa, komai na ƙasar tsawa ne da umarni, ni ma sai na ɗauki irin muryar. Abu na farko da na yi shi ne na daina rakiya. A ganina lada ce ake ba wanda ya gaza. Na sayi babur, na kuma juya abin: wanda ya fi kowa cin maki a ranar, shi nake ɗorawa a baya in kai shi gida, sauran suna kallo.

Rasaki, wanda a lokacin ya riga ya kama shagon yadi a Kwari, ya zo kallo wata rana ya ga haka. Ya ja ni gefe ya ce, "Dogo, ka kifa abin. Wanda ya ci wasa ai jama'a ce take raka shi, me zai yi da baburinka?"

Na ce, "Alhaji, zamani ya canza."

Ya ce, "Zamanin ne ya canza, ko gwiwarka ce ba ta son tafiya?"

Na yi dariya na bar maganar. Akwai gaskiya a batun gwiwar, amma ba ita ce babba ba. Babbar ita ce ban san abin da zan ce wa mutum ba in ba maganar ƙwallo ba. Malam Sule yana da tattabaru. Ni ba ni da komai sai kwando.

Ba zan ce tsarina bai kawo nasara ba, domin ƙarya zan yi. Mun ci kofuna, kai ma ka ɗaga wasu da hannunka. Yara sun riƙa gudu har su yi amai don a ɗora su a babur. Amma na ƙasa sun riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa bin sawun ko ɗaya ba. Ka tuna Haruna, mai hannun hagu? Ya yi mummunan wasa a wata gasa, na yi masa tsawa a gaban iyayen yara, na hau babur na tafi. Bai sake zuwa ba. Sai bayan shekaru na ji cewa a wannan makon, mahaifinsa yana kwance a asibiti, daga can yake zuwa fili. Tafiyar ƙasa daga Sabon Gari zuwa gidansu da ta ishe ni in ji wannan. Yanzu yana sayar da takalma a Bata. In na wuce yakan miƙe tsaye ya ce, "Koci, barka da yamma," da ladabi, ya jira in wuce ya zauna. Dukansu haka suke min. Suna girmama ni, amma babu wanda ya taɓa zuwa gidan nan ya zauna mu yi hira. Ranar da labarin rasuwar Malam Sule ya zo, mota muka cika zuwa garinsu, har wasu suna tsaye. Nakan yi tunanin wannan motar fiye da yadda ya kamata.

Akwai wani ƙaramin abu da nake so ka kiyaye, tunda kai ma hannunka yana da kyau. Na daɗe ina fizge ƙwallo daga hannun yaro in ce, "Kawo ka gani," in jefa ta shiga, in miƙa masa. Ina cewa koyarwa nake yi. Gaskiyar ita ce ina son a tuna cewa Dogo ya iya. Yaron kuwa abin da ya koya shi ne bai kai ni ba. In ka ji hannunka yana ƙaiƙayi, ka sa shi a aljihu. Lokacin wasanka ya wuce ranar da ka karɓi usur. Yana da ciwo, na sani, ni har yau in na ji ƙarar ƙwallo a siminti ƙafata takan motsa.

Yanzu sai naka. Ba wani abu zan faɗa maka da ba ka sani ba, kana wurin. Ina so ne kawai ka ji shi daga bakina.

Tun kana ɗan firamare na fara kai ka fili. Don kada a ce ina fifita ɗana, na kafa doka: daga ƙofar fili babu Baba, sai Koci. Ni ma ba na kiran ka Abba a can, lambar rigarka nake kira. "Bakwai, koma baya! Bakwai, ina hannunka?" A gida kuma mu koma yadda muke. Haka muka yi shekaru, har ka shiga ƙungiyar manya, har ranar wasan ƙarshe na gasar kwalejoji da aka yi a filinmu. Ana dab da tashi aka yi maka ƙeta, alƙali ya ba ka jifa biyu daga layi babu mai tare ka. Ta farko ta bugi ƙarfe ta fito. Ta biyu ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Aka busa tashi.

Mutanen unguwa har yau suna cewa jifanka ne ya kayar da mu. Ba haka ba ne. Da maki uku aka ci mu. Ko da duka biyun sun shiga, ba mu ci ba. Wasan ya lalace tun kafin hutun rabin lokaci, sa'ad da na ƙi cire wanda ya gaji saboda shi ne na babur. Na san ka iya lissafin nan da kanka, amma ban taɓa faɗa a gabanka ko a gaban kowa ba, na bar mutane suna ɗora maka.

Da aka tashi na gan ka zaune a ƙarƙashin kwandon gabas kana kwance igiyar kambas ɗinka a hankali. Na tayar da babur, na ɗauki wanda ya fi cin maki yadda na saba, na tafi. A raina ina cewa adalci nake yi, doka ɗaya ga kowa.

Da na shigo gida mahaifiyarka Falmata, Allah ya ji ƙanta, tana kwashe tuwo. Ta ce, "Malam, ina yaron?"

Na ce, "Yana tafe."

"Da me?"

"Da ƙafarsa."

Ta ajiye marar ta ce, "Ka ɗauko ɗan wani ka kai shi gida, ka bar naka a titi, a rana irin ta yau?"

Na ce, "A fili ba ni da ɗa."

Ta ce, "To ga shi ka shigo gida. Yanzu kana da shi?"

Ta yafa mayafi ta je zaure ta tsaya, ba ta dawo ba sai da ka iso bayan magariba. Ka shigo ka durƙusa yadda ka saba, ka ce, "Sannu da gida, Koci." Ranar ce ta farko da sunan nan ya shigo tsakar gidanmu. Ta dube ni, na kau da kai. Na ɗauka fushin yaro ne, zai wuce zuwa safiya. Bai wuce ba, ni kuma ban tambaya ba, har muka saba.

Shawarata a nan gajera ce. In Allah ya ba ka ɗa kuma ya so ƙwallo, ka bar wani ya horar da shi, kai ka je ka zauna cikin 'yan kallo ka yi masa tafi ko ya jefa ko ya zubar. In kuwa dole sai kai, to dokar fili ta tsaya a fili, kada ka jira ƙofar gida kafin ka ajiye ta, domin tsakanin fili da gida akwai hanya, kuma a hanyar ce na rasa ka.

Bayan rasuwar mahaifiyarka da auren ƙanwarka Yagana, gidan nan ya yi mana faɗi. Kana jami'a, ina komawa daga fili in tarar da shiru. Wannan shirun ne ya kore ni zuwa makaranta, ba wani kishin ilimi ba, gara in faɗi gaskiya. Na zauna aji ɗaya da sa'o'inka, suna ce min Baba, suna aron biro a wurina. A kowace jarrabawa ina duba amsa sau da yawa har mai tsaro ya ce, "Baba, lokaci fa." Amma na ƙaru. A can na san sunan jijiyar da ta tsinke a gwiwata, na kuma san cewa da na huta yadda aka ce, da wataƙila ta warke. Na koyi yadda ake shirya jikin yaro ba tare da an karya shi ba. Saboda haka kada ka ajiye littafi don ka samu aiki. Abin da ka karanta da abin da Malam Sule yake yi ba sa faɗa da juna, ni ne dai na daɗe ba ni da ko ɗaya.

Ga shi a shekara ɗaya muka gama, ni da kai, sababbin masu digiri biyu a gida ɗaya. Ranar da aka ba mu takarda ka zo, ka gyara min hular da ta karkace, ka ce, "Koci, barka." Hoton yana nan, na sa shi kusa da na Malam Sule.

Yanzu sojoji sun sake komawa bariki. Katangar filinmu duk hotunan 'yan takara ne har yau ba a ɓanɓare ba, kuma lokacin yaƙin neman zaɓe an ɗaura tuta a ƙarfen kwandon gabas har ya sake karkacewa, kamar yadda na same shi ina saurayi. Sababbin shugabanni sun zo, ban san ko za su tabbatar min da aikin ba yanzu da nake da takarda, ko za su ce na tsufa. Ba na so wannan ya dame ka. Na ambata ne don ka san kai ma a can za ka ga masu zuwa da masu tafiya, kowa da mutanensa. Ka gaida kowa, kada ka zama yaron kowa. Kada ka yarda a cusa maka ɗan wani babba a ƙungiya, kada kuma ka ƙi yaro don ubansa babba ne. Ka riƙe salla a kan lokaci ko ana tsakiyar atisaye. Ka koyi gaisuwar mutanen garin yadda suke yin ta, ka rusuna inda suke rusunawa. In yayar Alhaji ta aiko maka da abinci ka cinye ko yaji ya yi yawa. Kuma don Allah ka samu wani abu da za ka iya hira a kai wanda ba ƙwallo ba. Ko kaji ne ka kiwata.

Bari in faɗa maka abin da na yi bayan acaɓan nan ya sha kwana da kai. Na koma ciki na zauna, takalmin yana ƙafata. Na dubi bangon tsakar gida inda ƙwallonka ya cinye fenti, wanda na sha yi maka faɗa a kansa. Can sai na tashi na fita a ƙasa. Na bi Ibrahim Taiwo, na ratsa Bata, na shiga Sabon Gari har tashar manyan motoci. Gwiwar ta sa ni tsayawa a hanya. Da na isa motarku ta riga ta tashi. Na tsaya gefe ina kallon wata da ake lodi: wata tsohuwa tana cusa wa ɗanta ƙullin abinci ta taga, wani dattijo yana riƙe da hannun nasa yana ta addu'a ya ƙi saki har kwandasta ya yi magana. Wani mai sayar da tikiti ya ce min, "Baba, ina za ka?" Na ce rakiya na zo. Ya ce, "Wa ka rako?" Na ce ya riga ya tafi.

Washegari da aka tashi daga atisaye ban tayar da babur ba. Na turo shi na tsaya kusa da wani ɗan shekarar farko da ya wuni yana zubar da ƙwallo, na ce, "Zo mu je in taka maka." Idonsa ya raina fata. Ya ce, "Koci, don Allah kada ka kai ƙarata gida, wallahi gobe zan gyara." Da ƙyar na shawo kansa. Muka yi tafiyar shiru kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa, na rasa abin faɗa, har na ba shi labarin tattabarun da ba nawa ba. Tura babur kuma ba tura keke ba ne, kafin mu isa na jiƙe sharkaf. Amma a ƙofar gidansu ya ce min da rana yake aikin ɗaukar kaya a kasuwa, shi ya sa hannunsa yake rawa da yamma. Ka ga ni. Shekara nawa ina kallon irin wannan rawar hannun ina kiran ta lalaci.

Na kai babur shagon Alhaji Rasaki na ba shi makulli, na ce ya ajiye min. Ya karɓa ya ce, "Dogo, sai da ka yi digiri ka gane abin da na faɗa maka kyauta?" Ya kira mai rake ya saya min, ya ce yanzu mun zama ɗaya.

To, Abba, ga roƙona, kuma shi ne dalilin duk wannan dogon rubutu. A can, ka duba wanda ya fi kowa ɓata wasa, ka taka masa. Ka fara tun yanzu da ba su san ka da wani hali ba, ya fi sauƙi. Sannan in kwalejin ta ba da hutun Salla kuma ka yi niyyar zuwa, ka bugo wa Alhaji waya ka faɗi ranar. Kada ka hau acaɓa daga tasha. Za ka same ni a bakin ƙofa, a ƙasa, babu usur. Zan karɓi jakar, kai ka riƙe ragar ƙwallaye. Mu bi ta gefen kasuwa, mu ratsa Bata, mu tsaya in saya maka rake. Tafiyata a hankali ce yanzu, sai ka yi haƙuri da ni. Ba zan tambaye ka wasa nawa kuka ci ba. Wataƙila mu yi shiru har gida, ba komai. Sunan da za ka kira ni da shi kuwa ba zan kafa maka doka a kansa ba, dokar da na kafa a baya ta ishe ni. Duk wanda ya zo bakinka zan amsa.

Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya tsare gwiwarka da ta yaran da aka ba ka amana. Ya sa ka gama da kowa lafiya, ya sanya albarka a aikinka, ya ji ƙan mahaifiyarka da Malam Sule, ya haskaka makwancinsu. Allah ya dawo min da kai gida cikin aminci, ya ba ni tsawon rai da ƙafar da zan zo in tarye ka. Yagana da mijinta suna gaishe ka.

Wassalam.

Ni ne,
Babanka.